Jowana ta Ingila: Ƴar Sarkin da Aka Yi Cinikin Aurenta Sau Uku

A ƙarshen watan azumi na shekara ta 587 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da Oktoba na 1191, Malik al-Adil, ƙanen Sarki Salahuddin al-Ayyubi, ya kira alƙalin runduna, Bahauddin ibn Shaddad, tare da wasu sarakunan yaƙi, ya ɗora musu saƙon da za su kai wa wansa. Sarkin Ingila, Rishar Mai Zuciyar Zaki, wanda suka yi wata huɗu suna gwabzawa da shi a gaɓar tekun Falasɗinu, ya aiko da tayin sulhu: zai aura wa al-Adil ƙanwarsa, su biyun su zauna birnin Ƙudus su mallaki ƙasar tare, yaƙi ya ƙare. Alƙalin ya je ya isar da saƙo. Salahuddin ya amsa da cewa ya yarda. Sau uku alƙali yana maimaita tambayar a gaban shaidu, sau uku Sarki yana cewa ya yarda.

Matar da ake wannan magana a kanta tana cikin sansanin Kiristoci, kuma bisa ga dukkan alamu babu wanda ya shawarce ta kafin a aika. Shekarunta 26 a lokacin. An riga an yi cinikin aurenta sau ɗaya tana ƙaramar yarinya, za a kuma sake yi bayan shekara biyar. Faransawa na kiranta Jeanne, Ingilawa na cewa Joan, takardun Latin na zamaninta kuwa Johanna suke rubutawa; mu a nan Jowana za mu ce. Littattafan tarihin da muka karanta a lakwal sun cika da sunan ubanta da na wanta, ita kuwa da ƙyar ake ba ta layi ɗaya. Amma wanda yake son ya fahimci yadda sarakunan Turai na wancan zamani suke ƙulla amana da warware ta, bin sawun wannan mata zai fi yi masa amfani da ƙidayar yaƙe-yaƙe.

Ƴar Ingila da ba ta san Ingila sosai ba

An haifi Jowana a watan Oktoba na 1165 a birnin Angers, cikin ƙasar Anjou. Ubanta Hanri na Biyu shi ne sarkin Ingila, amma rabin Faransa ta yamma ma a hannunsa take, tun daga Normandi har dutsen Pirene. Wani yanki ya gada, wani kuma aure ya kawo masa, domin matarsa Aliyeno ita ce magajiyar ƙasar Akiten. Faransanci ake yi a gidan, ba Ingilishi ba. Yarinyar ta tashi tsakanin Poitiers, fadar uwarta, da gidan zuhudu na Fontevraud, inda mata masu ibada suka yi renonta na wani lokaci. Sai a 1174 aka ƙetara da ita Ingila, bayan da ƴan'uwanta maza suka yi wa ubansu tawaye da goyon bayan uwarsu. Hanri ya murƙushe tawayen, ya tsare matarsa, tsarewar da ba ta ƙare ba sai da ya mutu a 1189.

Ƴaƴa mata uku Hanri ya haifa da Aliyeno, kuma kowace ya san inda ya ajiye ta. Matilda ya ba Hanri Zaki, babban basaraken Saks da Bavariya a Jamus, a 1168. Aliyeno ƙarama ya ba Alfonso na Takwas, sarkin Kastil a Ispaniya, a 1170. Auta kuma aka ajiye wa Sisiliya. Giyom na Biyu, sarkin tsibirin da kudancin Italiya, saurayi ne mai dukiya da jiragen ruwa, wanda sarkin Rumawa na Kustantiniya ya taɓa kunyatawa: a 1172 ya je Taranto ya yi ta jiran amaryar da aka yi masa alkawari, ba ta zo ba. Yana kuma cikin masu tsaya wa Paparoma Alezanda na Uku a rigimarsa da sarkin Jamus Farederik Barbarosa. Shi kuwa Hanri yana bukatar farin jini a wurin Paparoma, domin jinin Thomas Becket, babban limamin Canterbury da baradensa suka kashe cikin majami'a a Disamba na 1170, bai gama bushewa ba. Kowane ɓangare yana da abin da yake nema, yarinya mai shekara goma ita ce igiyar da za ta ɗaure su.

A 1176 jakadun Sisiliya suka zo, aka kai su Winchester suka ga yarinyar, suka gamsu. A ƙarshen Agusta ta tashi. Wanta Rishar ya raka ta cikin ƙasarsa har zuwa Saint-Gilles a bakin Bahar Rum, inda jiragen ango 25 suke jira. Teku bai karɓe ta ba. Ta yi ta fama da amai da jiri har aka sauke ta a Napoli ta huta, aka ci gaba ta tudu. Sai da aka shafe fiye da wata biyar kafin ta isa Palermo. Da dare aka shigo da ita, an kunna fitilu a ko'ina har marubutan Ingila suka ce kamar birnin ya kama da wuta. Ranar 13 ga Fabrairu 1177 aka ɗaura aure, aka sa mata kambin sarauta. Tana da shekara 11, mijin yana da 23.

A nan ya kamata a tsaya a bambance abu biyu, don sauran labarin duk a kansu yake. Dukiya iri biyu ce ke tafiya da irin wannan aure. Akwai wadda gidan amarya ke bayarwa, wadda Faransanci ke kira dot; ta yi kama da gara a wurinmu, sai dai ƙasa ce ko zinariya. Akwai kuma wadda ango ke yanka wa amarya, douaire, wato garuruwan da za ta ci harajinsu, musamman in ya riga ta mutuwa. Wannan ta fi kusa da sadaki, kuma don sauƙin magana haka za mu kira ta. Sadakin Jowana shi ne ƙasar Monte Sant'Angelo a gabashin Italiya, haɗe da garuruwan Siponto da Vieste.

Birnin da ake rubutu da Larabci a fadar Kirista

Palermo ba ta yi kama da ko'ina da yarinyar ta taɓa gani ba. Musulmi sun fara cin tsibirin a 827, suka riƙe shi fiye da shekara 200, kafin Normandawa su ƙwace shi tsakanin 1061 da 1091. Sababbin masu mulkin ba su rushe abin da suka tarar ba. Sun bar ma'aikatar haraji tana rubutu da Larabci, kuɗin zinariyarsu na ɗauke da rubutun Larabci, shi kansa Giyom laƙabinsa na sarauta al-Musta'iz billah. A wannan fada ce al-Idrisi ya kammala wa kakan Giyom, Roje na Biyu, littafinsa na labarin ƙasa a 1154, wanda a cikinsa ya ambaci Gana da Gao da Kanem, har da garuruwan Kawar da alif ɗin da ake fitarwa daga can. Ke nan a ɗakin karatun gidan da aka kai Jowana, an san sunan wani yanki na ƙasarmu.

Mun yi sa'a, wani baƙo mai idon gani ya ratsa tsibirin tana kan sarauta. Ibn Jubair, mutumin Andalus, yana dawowa daga aikin hajji jirginsu ya fashe a bakin Messina a Disamba na 1184. Giyom da kansa ya fito bakin ruwa, ya kuma biya wa matalautan alhazai kuɗin da masu kwalekwale suka nema kafin su fito da su. Matafiyin ya rubuta cewa sarkin yana karatu da rubutu da Larabci, shugaban masu dafa masa abinci Musulmi ne, yana da rundunar bayi baƙar fata Musulmi da shugabansu daga cikinsu, manyan babannin fada kuma Kiristoci ne a baki, suna salla da azumi a ɓoye. Ya ga matan Kiristocin Palermo ranar Kirsimeti sun yi lulluɓi da lalle kamar matan Musulmi.

Masu son su mai da Sisiliya ta wancan zamani aljannar zaman tare sukan tsaya a nan. Ibn Jubair bai tsaya ba. Ya ce an hana huɗubar Juma'a, manyan Musulmi suna zaune cikin tsoro, kuma a garin Trapani wani dattijo ya aiko wa ɗaya daga cikin alhazan roƙon ya karɓi ƴarsa budurwa, ya aure ta ko ya aurar da ita, muddin dai za a fitar da ita zuwa ƙasar Musulmi. Yarinyar ta yarda ta rabu da iyayenta. Ina yawan tuna wannan yarinya da ba a faɗi sunanta ba a duk lokacin da nake karanta labarin Jowana: a tsibiri ɗaya, cikin shekaru goma, wani uba ya shigo da ƴarsa ta hanyar aure don siyasa, wani ya fitar da tasa ta hanyar aure don tsoro.

Abin da ya ja hankalin matafiyin shi ne sarki da fadawansa, ba sarauniya ba, kuma takardun masarautar ma ba su nuna tana da hannu a mulki ba. Shekara kusan 13 ta yi a can. A babbar majami'ar Monreale, wadda mijinta ya fara ginawa a 1174, an zana hoton Thomas Becket cikin waliyyai da ƙananan duwatsu masu launi, ɗaya daga cikin hotunansa na farko a duniya. Duk ranar da ta shiga ibada, mutumin da baraden ubanta suka kashe yana kallonta daga bango. Aikin da aka kawo ta yi kuwa, wato haihuwar magaji, bai yiwu ba. Wani marubucin Normandi, Robert de Torigni, ya ruwaito cewa ta haifi ɗa namiji mai suna Bohemon. In ma haka ne, yaron bai rayu ba. A Nuwamba na 1189 Giyom ya mutu ba magaji.

Kujerar zinariya

Magajiyar da doka ta sani ita ce gwaggon marigayi, Konstans, wadda aka aurar wa Hanri, ɗan Barbarosa, a 1186. Manyan Sisiliya da yawa ba su son Bajamushe ya mulke su, sai suka naɗa Tankared na Lecce, jikan Roje na Biyu wanda shi kansa ba ta hanyar aure aka haife shi ba. Cikin wannan ruɗani aka far wa Musulmin Palermo, da yawansu suka gudu cikin duwatsu. Tankared ya tsare Jowana, ya riƙe sadakinta. Dalilinsa a fili yake: Monte Sant'Angelo tana kusa da iyakar arewa, ta inda rundunar Jamus za ta ɓullo.

Da ba don yaƙin Salibi ba, da wataƙila a nan labarinta ya ƙare. Salahuddin ya karya rundunar Faranji a Hittin a Yuli na 1187, ya karɓi Ƙudus a Oktoba, sarakunan Turai suka yi rantsuwar tafiya. Rishar, wanda ya gaji ubansa a 1189, ya iso Messina da rundunarsa a Satumba na 1190. Cikin kwanaki kaɗan aka sako masa ƙanwarsa. Bai gamsu ba. Ya nemi sadakinta, da kujerar zinariya da ya ce hakkin sarauniyar Sisiliya ce, da wasiyyar da ya ce Giyom ya bar wa ubansu: teburin zinariya, da tantin alharini mai ɗaukar barade 200, da kofuna da farantan zinariya, da jiragen yaƙi 100, da hatsi. Ranar 4 ga Oktoba ya afka wa Messina ya ci ta. Tankared ya ga ba sarki sai Allah, ya biya oza 20,000 na zinariya a madadin sadakin, da wata 20,000 a kan alkawarin auren ƴarsa da Artur, ɗan ƙanen Rishar.

An saba ba da wannan labari a matsayin na wa mai kishin ƙanwarsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da shi ya fitar da ita daga tsare. Amma a duba inda zinariyar ta tafi. Sarkin Faransa, Filib, ya sami kasonsa a matsayin abokin tafiya, sauran ta shiga asusun yaƙi. Ƙasar da aka tanadar mata don ta ci har mutuwa an mai da ita kuɗi, kuɗin kuma an sayi dawakai da abincin soja. Jowana ta fita daga hannun Tankared ta zama mai cin abinci a hannun wanta. Har aka yi raɗe-raɗin cewa Filib, wanda matarsa ta mutu a farkon shekarar, ya gan ta ya yi sha'awa. Rishar ya ƙetarar da ita Bagnara, a ɗaya gefen mashigin ruwa.

A ƙarshen Maris na 1191 tsohuwa Aliyeno ta iso Messina da amaryar Rishar, Beranjer ta Navar. Uwa da ƴa sun shekara 14 ba su ga juna ba. Kwana kaɗan suka yi tare, tsohuwar ta juya. Aka ɗora wa Jowana rakiyar amarya. Guguwa ta kai jirginsu gaɓar Ƙubrus, mai mulkin tsibirin, Ishaƙ Komnenos, ya yi ta lallashinsu su sauko, suka ƙi, don sun gane garkuwa yake nema. Rishar ya iso, ya ɗaura aurensa a Limasol ranar 12 ga Mayu, ya cinye tsibirin. A Yuni suka sauka Akka.

Tayin Ƙudus

Mu koma ga saƙon da muka fara da shi. Kafin a aiko shi, Akka ta faɗi a hannun Kiristoci ranar 12 ga Yuli, kuma ranar 20 ga Agusta Rishar ya sa aka yanka fursunonin Musulmi tsakanin 2,600 da 3,000 a gaban idon rundunar Salahuddin. Ya yi nasara a Arsuf ranar 7 ga Satumba, ya kama Yafa. Amma ya gane cewa ko ya ci Ƙudus ba zai iya riƙe ta ba, ga kuma Filib ya koma gida yana haƙon ƙasashensa. Shi ma Salahuddin rundunarsa ta gaji. Al-Adil ne ke shiga tsakani, kuma shi da Rishar sun saba har suna musayar kyauta.

Sharuɗɗan, kamar yadda Ibn Shaddad ya rubuta su cikin tarihin Salahuddin da ya wallafa, al-Nawadir al-Sultaniyya, ga su: Rishar zai ba ƙanwarsa garuruwan gaɓar teku, Akka da Yafa da Askalan, Salahuddin zai ba ƙanensa abin da yake riƙe da shi a yankin, ma'auratan su zauna Ƙudus, a mayar wa Kiristoci guntun giciyen da aka ƙwace a Hittin, a saki fursunoni, ƙungiyoyin baraden addini su sami ƙauyuka, ban da ganuwoyi. Sai a lura da Askalan. Salahuddin ya rushe ta a watan da ya gabata don kada abokan gaba su amfana da ita, kuma ba ta ma shiga hannun Rishar ba sai a Janairu na 1192. Kango ne aka sa cikin garar amarya, kangon da mai bayarwa bai mallaka ba.

Ibn Shaddad bai ɓoye dalilin amincewar maigidansa ba: Salahuddin ya tabbata sarkin Ingila ba zai cika ba, dabara ce ko ba'a. Da jakada ya koma, sai aka ce masa Jowana ta ji labari ta fusata, ta rantse da addininta ba za ta yarda Musulmi ya kusance ta ba. Rishar ya ce to, in al-Adil zai shiga Kiristanci magana ta ƙare. Da wannan ta faskara, ya ce ƙanwarsa matar sarki ce da mijinta ya mutu, aurar da ita sai da iznin Paparoma. In an ƙi, yana da ƴar ƙanensa budurwa wadda shi ke da iko da ita. Salahuddin ya ce maganar a kan ƙanwa aka fara ta, ba zai karɓi musanya ba. Wasu marubutan Larabawa, irin su Ibn al-Asir, sun ɗora laifin a kan limaman Kiristoci da suka taru suka tsorata ta. A shari'ar Musulunci babu abin da ya hana al-Adil auren Kirista. Dokar majami'a ce ta hana ta auren wanda ba a yi wa baftisma ba.

Wasu marubutan zamani suna kallon wannan a matsayin zaman lafiyar da aka yi asara saboda taurin kan mace ɗaya. Ban yarda da su ba. A daidai lokacin Salahuddin yana tattaunawa a gefe da Konrad, mai Sur, abokin hamayyar Rishar, don ya raba kan Faranji. Shi kuma Rishar, ko da auren bai yiwu ba, ya ci riba in ya jefa shakka tsakanin wa da ƙane. Kowa ya san kowa a wannan wasa, sunan Jowana ne kawai ake jefawa a dara. Abin da ya fi ba ni mamaki daban ne. Ambroise, wanda ya bi rundunar Rishar ya rubuta labarin yaƙin cikin waƙa, bai ambaci wannan tayi ba ko kaɗan. A tsawon shekara 26 na farkon rayuwarta, wuri na farko da muka ji Jowana ta ce wani abu da bakinta, alƙalin rundunar abokan gaba ne ya adana mana shi. Ko shi ma ta bakin Rishar ya ji, mutumin da ƙin nata ya yi wa amfani.

Aka yi sulhun Yafa ranar 2 ga Satumba 1192 ba tare da aure ba. Salahuddin ya rasu a Maris na 1193. Al-Adil ya bi a hankali ya tattara mulkin gidan a hannunsa, ya zama sarkin Masar da Sham har rasuwarsa a 1218.

Tuluz

Jowana da Beranjer suka bar Akka a ƙarshen Satumba 1192. Rishar ya biyo baya, aka kama shi kusa da Viyana, bai fito ba sai a Fabrairu 1194 bayan an tara fansa mai nauyi. Matan biyu suka fake a Roma wajen wata shida don tsoron Jamusawa, sannan aka bi da su ta kudancin Faransa. Wanda ya raka su zangon ƙarshe zuwa Poitiers shi ne Raimon, ɗan mai Tuluz.

Masu Tuluz sarautarsu comte ce, wato a suna suna ƙarƙashin sarkin Faransa, a aikace kuwa su ne da ƙasarsu. Gidan Akiten yana da'awar Tuluz ta wajen kakar Aliyeno, kuma tun 1159 ake ta yaƙi a kan wannan da'awa. Rishar, da ya shiga yaƙi da Filib a arewa, yana son ya rufe ƙofar kudu. A Oktoba na 1196, a birnin Rouen, ya aurar da Jowana ga Raimon na Shida, wanda ya gaji ubansa a 1194. Ya janye da'awarsa, ya mayar masa da ƙasar Quercy, ya ba da ƙasar Agenais a matsayin gara. Matar da ta sa kambi a Palermo ta koma matar basarake mai shekara 40 wanda ya riga ya yi aure-aure, har ya tura wata daga cikin matansa gidan zuhudu. Wannan karon ba a ruwaito ta ce komai ba. A Yuli na 1197 ta haifi ɗa a Beaucaire, aka sa masa sunan ubansa. Shekara 20 bayan aurenta na fari, ta ba wani gida magaji.

A farkon 1199, mijinta ba ya nan, masu Saint-Félix suka yi tawaye. Jowana, da ciki, ta ja runduna ta yi wa ganuwar Les Cassès ƙawanya. Mutanenta suka ci amanarta, suna kai wa na ciki abinci da makamai, daga baya suka cinna wa sansaninta wuta. Da ƙyar ta tsira. Marubucin yankin, Guillaume de Puylaurens, ya kwatanta ta da mace mai ƙarfin zuciya da ba ta haƙuri da cin mutuncin mijinta. Ta nufi arewa neman taimakon wanta, sai ta tarar kibiya ta riga ta kashe shi a Châlus ranar 6 ga Afrilu.

Ba ta koma Tuluz ba. Ta sami uwarta, ta ziyarci Fontevraud, ta ƙarasa Rouen wajen ƙanenta Jon, sabon sarki. Ba ta da abin kanta. A ƙarshen Agusta Jon ya yanka mata mark 100 a shekara, ya kuma ba ta mark 3,000 don ta sami abin rabawa a wasiyya, a madadin sadakin Sisiliya da Rishar ya cinye. Da ta ji ajali ya matso, ta nemi a sa mata lulluɓin masu zuhudu na Fontevraud. Doka ba ta yarda ba, tun da matar aure ce, mijinta na raye, ga ciki. Ta nace, har Hubert Walter, babban limamin Canterbury, ya ba da izni. Wannan ne karo na biyu da aka ji muryarta, kuma a wannan karon babu wanda nacinta ya yi wa amfani sai ita. Ta rasu a farkon Satumba 1199, tana da shekara 33. Aka fito da yaron daga cikinta, ya rayu daidai a yi masa baftisma. Shi aka binne a Rouen, ita aka kai ta Fontevraud kusa da ubanta da wanta. Cikin wata biyar Aliyeno ta binne ƴaƴa biyu.

Garar aurenta ta daɗe bayanta. Ɗanta Raimon na Bakwai ya ƙare ƙuruciyarsa cikin yaƙin da Paparoma ya ƙaddamar a kan kudancin Faransa daga 1209, aka tilasta masa a 1229 ya ba da ƴarsa tilo, mai sunan kakarta, ga ƙanen sarkin Faransa. Ya mutu a 1249, aka binne shi a Fontevraud kusa da uwar da ta bar shi yana da shekara biyu. Ƴar da mijinta suka mutu a 1271 ba haihuwa, Tuluz ta koma hannun sarkin Faransa. Nan take Ingila ta tuna cewa Agenais garar Jowana ce, tun da zuriya ta yanke dole ta koma gida. Aka mayar wa Edwad na Farko a yarjejeniyar Amiens ta 1279, kuma a kan wani ƙauye na wannan ƙasa, Saint-Sardos, ƙasashen biyu suka gwabza a 1324, shekara 13 kafin ɓarkewar Yaƙin Shekara Ɗari.

Wanda ya je Fontevraud yau zai ga gumakan kaburbura huɗu: Hanri, Aliyeno, Rishar, da matar Jon. Na Jowana ya ɓace. Abin da ya saura nata shi ne hatiminta na azurfa, wanda ke gidan tarihi na Birtaniya a London. A fuska ɗaya an lissafa sarautun gidan Tuluz. A ɗaya fuskar tana riƙe da laƙabin sarauniya, tare da bayanin cewa ita ƴar marigayi Hanri ce, sarkin Ingila.